Kada Ku Rufe Ɗiyata a Ɗaki Ranar Alhamis

Zuwa ga Alhaji Shugaban dattawan sulhun ma'aurata na layinmu, Sabon Gari, Maradi, da sauran dattawan da ke zama tare da shi a zaure.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da jama'a. Allah ya ƙara girma. A gaida mini Hajiya, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Ni ce Zuwaira, matar Malam Idi mahauci, wadda layin nan kaf yake kira Jandarma, wato ƴar sanda. Na san kun san dalilin sunan, kuma zan zo kansa da kaina don kada wani ya riga ni. Da hannuna na rubuta wannan takarda. Kwana huɗu ta ci mini, bik ɗaya, wato biro, ya mutu a hanya. Sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in kun ga harafi ya karkace ba raini ba ne, hannu ne da ya saba da muciya. Na sa an buga ta gida uku: ɗaya a ƙofar zaurenku, ɗaya a bakin famfo, ɗaya wajen injin niƙa. Ba tonon asiri nake so ba. Sau biyu ina aiko muku da saƙo ta bakin mutane, sau biyu kafin ya iso ya zama abin dariya. Takarda ba ta sauya magana a hanya.

Maganar ɗiyata ce, ta fari. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sa baki a maganarsa, ko kuka yake yi sai ta kau da kai. Tun da aka yaye ta aka kai ta Tsibiri wurin yayata, can ta girma, shekara ashirin da biyu ina ce mata "ta Tsibiri". Ranar da na fara rubutun nan na daɗe ina kallon takarda, sai na gane ashe hannu bai da kunyar baki. Sunanta Balkisa. Na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo mini ba.

Na ɗaya: shirun da kuka rubuta mini.

Shekara biyu da rabi ke nan da aurenta da wani mai garka a Jiratawa, manomin zogale da rogo da ayaba. Ita ta kawo shi, ba wanda ya tilasta mata. Mutum ne mai gaisuwa har ƙasa, in ya durƙusa sai an ce masa ya isa haka. Sau biyu tana yaji, sau biyu kuna zama a zauren gidanmu.

A na farko ya fasa mata salula da dutse don ya ga lambar da bai sani ba. Lambar kuwa ta yayata ce, layi ta sake. Ya zo biko da buhun zogale da nonon ayaba, ya yi kuka har kuka sa aka ba shi ruwa. Kuka ce kishi ne, kuma ba a kishin abin da ba a so. Ta koma.

A na biyu ya yanka akuyarta a gabanta, ba salla ba suna, ya ce mata ta duba da kyau. Ta iso gida murya a dishe, ko ruwa da ƙyar take haɗiyewa. Kuka ce mura ce. Dukanku maza ne, ita kuma tana cikin hijabi, ba wanda zai ce ta buɗe wuya, kuma daidai ne. Amma ni na gani da safe tana sauya riga: shati huɗu a gefe guda, ɗaya a ɗaya gefen. Alhaji, mura ba ta da yatsu.

Kuka tambaye ni ta bayan labule ko ina da magana. Ta yaya zan yi magana? Ga ɗiyar fari nan, ga suruki can, kunya biyu ta haɗu ta danne ni. Na yi shiru. Magatakardanku ya miƙo takarda ta ƙasan labule na dangwala yatsa, domin lokacin ban wuce haɗa baƙi da wasali ba. Bana na ciro ta daga ƙasan adaka, na bi ta da yatsa harafi harafi, na tarar an rubuta: "Uwar yarinya ta yarda, ta yi murna." Yardar ma a bar ta. Murnar fa, ta ina ya hango ta, ta cikin labule? Shi ma ɗan fari ne, na san tsohuwarsa. Ya je ya tambaye ta ko ta taɓa ce masa sannu a gaban mutane.

Na biyu: laifina, wato maganar wuƙaƙe.

Bayan ƙaramar salla malamar ajinmu, da muke kira Madam, ta kawo mana wata ƴar takarda da ake rabawa a asibiti don mu gwada karatu. A ciki an jera alamomin da ake gani kafin miji ya hallaka matarsa, ko mata ta hallaka mijinta. Sauran mata suka karanta suka naɗe gyaɗa da ita. Ni na haddace ta. Kun san mai sabon karatu, ko buhun siminti ya gani sai ya tsaya ya karanta. To ni mutane na koma karantawa, kuma da na gida na fara.

Takarda ta ce a lura da mutumin da ya ɗauke magana kwatsam. Malam Idi ya kwana uku bai ce uffan ba. Ta ce a lura da mai ajiye makami kusa da shi. Malam Idi yana da wuƙa bakwai da gatari, kullum da yamma yana wasa su yana kallon sama. Ta ce a lura da kyautar da ta zo babu dalili. Ranar nan sai ga shi ya shigo mini da tsire, abin da shekara talatin bai taɓa yi ba sai na roƙa. Na ba kyanwa tsinke ɗaya, na zauna ina jiran ta mutu. Ta cinye, ta lashe baki, ta dawo neman ƙari. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, na ce wataƙila irin mai aiki a hankali ne. Na kwashe wuƙaƙen nan da gatarin na cusa su cikin buhun gero.

Washegari Litinin, ranar kasuwa. Malam ya tashi ga nama ba wuƙa. Ya yi ta zagaya gida yana nuni da hannu, a nan na lura kuncinsa ya kumbura. Ashe haƙori ne, shi ne shirun. Tsiren ma nasa ne, taunawa ta gagara ya kawo mini. Ya ari wuƙar yanka kuɓewa wurin maƙwabciya, ya wuni a rumfa yana lallashin cinyar sa kamar mai yi mata aski. Gero kuwa sai da muka juye shi kaf, don wuƙa ta bakwai ta nutse.

Tun da na fara faɗar gaskiya bari in ƙarasa. Ita maƙwabciyar na gan ta ta sayi maganin ɓera, na aika wa mijinta a asirce kada ya sha fura a gida. Bawan Allah ya kwana biyu yana cin burodi da shayi a bakin titi. Ashe ɓerayen na gaske ne.

Na ba Malam haƙuri, na ba maƙwabciya haƙuri, kyanwar ma na ba ta haƙuri da tsoka. Amma da na kai wa Madam labarin, bayan ta gama dariya ta share hawaye, ta gaya mini abin da ban manta ba. Ta ce alama ɗaya ba alama ba ce, wuƙa a hannun mahauci tuwonsa ce. Abin dubawa shi ne tsoro: matar tana tsoronsa? Ni shekara talatin ban taɓa jin tsoron Malam Idi ba sai da na iya karatu. Balkisa ba ta taɓa ganin takardar nan ba, amma a yajinta na biyu in ta ji ƙarar babur a layi sai ludayi ya faɗi daga hannunta.

Na uku: tafiyata Jiratawa, wato maganar takalmi.

Wannan ma kun ji, amma rabi kuka ji.

Cikinta ya shiga wata bakwai, lokacin da ake ɗauko mace goyon ciki ta yi haihuwar fari a gidansu. Yayata ta aika sau biyu, ya ce ba inda za ta, a ɗakinsa za ta haihu. Ba ya barinta fita: ba biki, ba gaisuwar mutuwa, ko awo a asibiti babu. Ku da kuke riƙe mana al'ada, wannan ba ta tayar muku da hankali ba? Na ce gani ya kori ji. Na ɗauki kayena, littafin rubutuna na aji, da bik, na hau kabu-kabu sai Jiratawa, in ga halin mutumin nan da idona.

Sai a hanya na tuna ban san fuskarsa ba. Wace suruka ce take kallon fuskar suruki? In ya shigo na sunkuyar da kai, in an ce ga shi nan a layi na sauya hanya. Abin da na sani nasa takalmi ne: na roba, shuɗi, an ɗaure na hagun da waya. Na laɓe nesa da masallacin bakin garka bayan azahar ina duban ƙafafu. Takalmin ya fito, na bi shi. Na bi shi tsakanin rogo da ayaba, na tsallake hanyar ruwa sau uku, na faɗa sau ɗaya. Ina tafe ina rubutawa: ya sayi rake, ya tsaya ya yi wa jaki magana, ya yi dariya shi kaɗai, ya zagaya bayan kuka ya daɗe. Na ja layi biyu a ƙarƙashin "dariya shi kaɗai". Can sai takalmin ya tsaya, ya juyo, aka ce, "Hajiya, in rake kike so ai sai ki faɗa, ba sai kin kashe kanki ba." Na ɗaga kai. Tsoho ne da farin gemu har ƙirji, ladanin masallacin, wanda ya fito ya tarar an tafi da nasa takalmin, ya zura wanda ya samu. Labarin ya riga ni isowa Maradi, na sani, domin da dariya aka tare ni a bakin famfo.

Ga rabin da ba ku ji ba. Tsohon ya karya mini rake, ya nuna mini gidan. A ƙofa an zuba yashi mai laushi, an share shi sumul, an ja masa zane da tsinke gwanin kyau. Na ce a raina, kai, yarinyar nan akwai tsabta. Na ɗaga ƙafa zan shiga, sai na ji murya ta bayan katanga, ƙasa-ƙasa: "Inna, don Allah kada ki taka."

Ba ita take sharar ba. Shi yake yi kowace safiya in zai tafi garka, yana ja da baya, don in ya dawo ya duba yashi ya ga ko wani ya shiga ko ita ta fita. Ta ce ranar da iska ta ɓata zanen, jikinta ne ya gaya mata. Ta ce adda tana ƙarƙashin katifa. Ta ce ya sha gaya mata, in ba shi ba sai dai ƙasa. Ina tsaye da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe, rake a hannu, zani jiƙe da laka. Wannan ita ce hira ta farko da na taɓa yi da ɗiyata tun da na haife ta, da katanga a tsakaninmu.

Ban taka ba ranar. Na koma gida na gaya wa Malam Idi, kuma wannan karon bai yi dariya ba. Washegari ya bar rumfa a rufe, ya nemo motar abokinsa mai kawo masa dabbobi, muka isa da hantsi mijin yana can yana ban ruwa. Balkisa ta zo bakin yashi ta kasa ɗaga ƙafa. Ubanta, shi ma kunyar ta hau shi, yana kallon gefe yana ta "ke, ke, fito mana". Sai na shiga na tattake yashin nan, gaba da baya, ni da ƙibata, kamar mai kwaɓa lakar gini, har zanen ya ɓace. Sannan ta fito. Muka wuce da ita asibiti, likita ta duba ta, ta rubuta abin da ta gani a bayanta da wuyanta. Muka kai takardar wurin jandarmomi na gaske, su ma suka rubuta.

Na huɗu: zaman Alhamis.

Ranar Juma'ar da ta wuce magatakardanku ya kawo saƙo cewa mijin ya nemi biko, za a zauna Alhamis mai zuwa bayan la'asar a zaurenka, Alhaji, kuma a zo da ita. Na san yadda kuke yi da wanda ya kai yaji uku. In an gama nasiha sai ku shigar da miji da mata ƙaramin ɗakin nan na bayan zaure, ku ja ƙofa, ku ce su fahimci juna, ku kuma ku zauna kuna cin goro har su fito. Ban raina dabarar ba. Ta gyara auren da gishiri ya ɓata, da wanda baƙar magana ta ɓata. Ni kaina an taɓa rufe ni da Malam Idi a can, zamanin mahaifinka, kan tuwo ya yi gudaji. Zafin ɗakin ya sa muka shirya nan da nan don a buɗe mana.

Amma wannan ba maganar gudaji ba ce.

Magatakarda ya ce in kwantar da hankalina, mutumin ya sauya. Ya daina kuka, ya daina faɗa, ya natsu. Ya ba ƙanensa injin ban ruwa kyauta, ya bar wa wani garkar da zogalenta ya isa yanka, ya bi maƙwabta gida gida yana neman gafara. Ya ce muku bayan Alhamis kowa zai huta. Kuka ce alhamdu lillahi, tuba ce. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni lissafi. Manomin da zai mayar da matarsa gida ta haihu, da me zai riƙe mai jego in ya kyautar da injin? Wa ke raba kayan sana'arsa yana yafiya da mutane in ba mai tafiyar da ba ya sa ran dawowa ba? Ba Makka za shi ba, na tambaya. Takardar alamomin nan ta ajinmu ta ce lokacin da mace ta bar gidan shi ne lokacin da aka fi jin tsoro, kuma natsuwar da ta sauko wa mai fushi rana ɗaya ba kullum take alheri ba. Na karanta wurin sau goma, na kai wa Madam ta karanta mini don kada a ce idona ne.

Kwana uku a jere kuma yayata tana ganin babur a tsaye ƙarƙashin iccen bedi, wato dogon yaro, daura da gidanta a Tsibiri, mai shi yana zaune, ba ya saye ba ya sayarwa. Kada ku ce takalmi ne kuma. Yayata ba irina ba ce, tun muna yara ake yi mata faɗan rashin kunya, ita fuska take kallo. Shi ne.

Tun da takardar bango ce, duk wanda zai karanta masa ya karanta masa nan da ƙarfi: Balkisa ba ta Tsibiri, ba ta gidana. Ko Malam Idi bai san inda take ba, domin kun san rumfar mahauta, abin da aka faɗa da safe kafin azahar ya kai tasha.

Na biyar: roƙona.

Ina roƙonku da girman Allah ku soke zaman ɗakin nan. Ba minti goma ba, ba minti ɗaya ba, ba ƙofa a buɗe ba. Maganar ta wuce zaure, tana hannun hukuma, kuma Balkisa ta ce da bakinta, ba da nawa ba, rabuwa take so. Ku taimaka a yi ta a gaban alƙali, ba tare da an haɗa su inuwa ɗaya ba.

Ku je wurin jandarmomi ku gaya musu maganar injin da maganar "kowa zai huta", domin ku ya gaya wa, ba ni ba. In na je da ita, Jandarma ce ta zo da sabon labari. In rawaninku ya je, za a miƙe tsaye. Kuma ku kira ƴan'uwansa su zauna kusa da shi kwanakin nan, su kai shi wurin likita. Ba mutuwarsa nake nema ba. Shi ma ɗan wata ne, kuma ban san ko ita ma kunya ce ta rufe mata baki ba.

Ku sa mata biyu cikin zamanku, tsofaffi masu ido, waɗanda za su shiga da yarinya ciki su ce buɗe mu gani. Layin nan bai rasa su ba. In kun rasa, ina da yaya a Tsibiri. Kuma daga yau in uwa ta yi shiru a bayan labule, a rubuta "ta yi shiru", a nemi wata ta je ta tambaye ta a tsakar gida.

Zogalen biko kuma a daina karɓa kafin a ji ta bakin matar. Ban ce an saye ku ba, Allah ya kiyaye, ni ma na ci kwaɗonsa. Amma baki in yana tauna abin mutum, nauyi yake yi.

Ranar Alhamis zan zo ni kaɗai. Mai yiwuwa na sake yin kuskure, karo na huɗu ke nan in an haɗa da na maƙwabciya. In haka ne, na yarda a yi mini waƙa, a ƙara mini girma daga Jandarma zuwa Kwamanda, zan amsa. Gara layin nan ya cika gidana ya yi mini dariya har in mutu, da ya cika shi ya shimfiɗa tabarmi yana ce mini sai haƙuri.

Allah ya ja kwananka, Alhaji, ya ƙara wa dattawa basira, ya saka muku da alheri kan aurarrakin da kuka gyara. Ɗiyanka uku da ke ɗakunan mazansu, Allah ya sa kowace in ta ji tsayuwar mijinta a ƙofa daɗi za ta ji. Tawa kuma Allah ya sauke ta lafiya. In na yi muku tsauri ku yafe mini, tsoro ne ya riƙe bik ɗin.

Wassalam.

Taku,
Zuwaira matar Malam Idi mahauci,
uwar Balkisa,
Sabon Gari, Maradi.